Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Akio Toyoda: A Rage wa Motocin nan Baki

Zuwa ga Yallaɓai Akio Toyoda,
Shugaban Majalisar Daraktocin Kamfanin Toyota,
Birnin Toyota, Lardin Aichi, Japan.

Ranka ya daɗe,

 Daga Kano takardar nan ta fito, ɗaya daga cikin garuruwan da motocin gidanku ke zuwa su ƙarasa rayuwa. Motar da Ba'amurke ya gaji da ita bayan shekara goma, aka loda ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, a wurinmu sabuwa ce fil, kuma sai ta ƙara wasu shekaru ashirin tana kai yara makaranta, tana ɗauko buhunan masara daga ƙauye. A kan inji da giya ba mu da ta cewa. In akwai wanda ya fi mu shaidar ƙarkon Toyota, sai dai direban Agadas ko na Abeche. Maganata a kan fuska ce. Tun wajen 2012 motocinku suke ƙara muni, muni na gangan wanda aka kashe wa kuɗi aka tara wa ƙwararru, kuma rabinsa ma arowa aka yi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na rubuto maka kai tsaye ne domin umarnin da ya buɗe wannan ƙofa daga bakinka ya fito.

Kai da kanka ka sha ba da labarin. A watan Agustan 2011, da aka yaye lulluɓin sabuwar Lexus GS a Pebble Beach ta Kalifoniya, aka gaya maka cewa Lexus mota ce mai inganci amma ba ta da armashi, kallonta ma gundura yake sawa. Maganar ta yi maka zafi, ka sha alwashin ba za a ƙara haɗa sunan Lexus da gundura ba, daga baya alwashin ya zama doka a kamfanin gaba ɗaya. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Camry ta 2002, wadda a kasuwar Najeriya ake ce wa Big Daddy, ba wanda ya taɓa wuce ta ya waiwayo. Kuma mutum irinka da ke shiga tseren awa 24 na Nürburgring da sunan Morizo ba zai ji daɗi a ce motocinsa na 'yan fansho ne ba. Duk wannan na fahimta. Inda aka yi ɓatan kai shi ne wajen magani, domin masu zanenku sun ɗauka duk abin da ya cika ido ya rabu da gundura ke nan.

Ita GS ɗin ce ta fara zuwa da ragar gaba mai faɗi sama da ƙasa, tsuke a ƙugu, sak kalangu da aka tsayar. A lokacin da sauran kunya, ragar ba ta wuce kima ba. Daga nan aka saki linzami. IS ta 2013 ta ƙara buɗe baki, NX da RX suka ɗora, sai LX 570 da aka yi wa kwaskwarima a 2015 ta zo da raga tun daga leɓen bonet har kusan ƙasa, bamba ta ɓace a ciki. LX 600 ta 2021 kuwa, da sandunanta bakwai a kwance, in ta tunkaro ka a titi ba ka ganin mota sai raga da lamba. Ɓangaren Toyota ma bai yarda a bar shi a baya ba: Alphard ta 2015 da ƙirjinta na roba mai ƙyalli, Avalon ta 2019 da bakinta ya ci gaban motar daga wannan kusurwa zuwa waccan, Tundra ta 2022 da tsawon goshinta ya kai ƙirjin babban mutum. GS ɗin da aka fara da ita an daina yin ta a 2020, Avalon ta bar kasuwar Amurka a 2022. Ba na cewa baki ne ya kashe su, kasuwar ƙananan motoci masu but ce ta ja baya ko'ina, amma dai bakin bai cece su ba.

Da a ce inji ne ke buƙatar wannan baki, da na yi shiru. Ka ɗauki tocila, yallaɓai, ka tsuguna gaban ɗaya daga cikinsu ka haska. Wani babban sashe na ragar a toshe yake, baƙar roba ce aka zana wa saƙar zuma. Injiniyoyinku sun san dalili. Lagireto yana samun yawancin iskarsa ne ta ƙasa, kuma duk ramin da aka buɗe fiye da buƙata iska ce za ta shiga ta yi ta kai-kawo a ɗakin inji, ta riƙe motar, mai ya ƙara tafiya. Har wasu motocin ake sa wa 'yan ƙyamare a bayan raga, masu rufe kansu in mota ta ɗauki gudu. Wato mai zane ya buɗe, injiniya ya bi baya ya toshe, mai saye ya biya kuɗin aikin su biyun.

Ramukan ƙarya ba a gaba kaɗai suka tsaya ba. Camry ta 2018, samfurin SE da XSE, tana da wasu baƙaƙen tsagu a ƙarƙashin fitilun baya da suka gangaro kan bamba. Ba iskar da ke shiga, ba wadda ke fita. XSE mai silinda huɗu, motar kai yara makaranta, an jera mata bakin salansa huɗu. Supra ta 2019, wadda ka tsaya tsayin daka sai da aka dawo da sunanta, tana da irin waɗannan ramuka a bonet da ƙofofi da bamba, mafi yawansu a liƙe. Ita kuwa Prius ta 2015, da fitilun bayanta masu zigzag da layukan jikinta da kowanne ya kama gabansa, ku da kanku kuka sassauta mata fuska a 2018, shekara uku kacal da fitowarta. Kamfani ba ya gaggawar yin irin wannan gyara sai dillalai sun yi ta kuka.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gidan da wannan ke fitowa. Duk wanda ya karanta harkar masana'antu ya san Taiichi Ohno, mutumin da ya kafa tsarin aikin Toyota a kan yaƙi da ɓarna: motsin da ba ya ƙara wa kaya daraja, ajiyar da ba a buƙata, aikin da ya wuce abin da mai saye ya nema. Daga ko'ina a duniya ana zuwa koyon wannan a wurinku. To robar da aka zana, aka yi wa ma'auni, aka narka, aka ɗauko daga wani kamfani, aka sa ma'aikaci ya maƙala ta a bamba, alhali ba ta sanyaya birki, ba ta rage iska, ba ta kare komai, a wane babi Ohno zai sa ta? Da yana raye ya zaga sashen zane, ina jin da wasu sun kwana a ofis.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan salo ba a mujallun motoci na Turai take ba, tana garejojin Ladipo a Legas da Apo a Abuja da Ƙofar Ruwa a nan Kano. Akwai sana'a guda da ta tsaya da ƙafarta, wadda masu ita ke ce wa afgired. A kawo LX 570 ta 2008, ko RX 350 ta 2010, ko Prado, a kwance bamba da raga da fitilu, wani lokaci har bonet da fenda, a ɗaura sababbi da aka yo oda daga China, a fesa fenti. Mota ta shiga gareji da shekara goma sha biyar, ta fito da fuskar shekaranjiya. Masu gyaran bodinmu gwanaye ne, ban raina musu ba, kuma mai motar bai yi laifi ba don ya so a gan shi cikin sabuwa, sai fa dillalin da ya ɓoye wa mai saye shekarun gaskiya. Amma ka dubi abin da sana'ar ke faɗa game da zanen. In har ana iya kwance sabuntar mota da sifana a ɗaura wa tsohuwa ta zauna daram, to ashe sabuntar ba ta taɓa shiga jikin motar ba. Tsawo da faɗi, zaman taya a ƙarƙashin bodi, yadda rufi ya gangaro, girman gilashi, nan ne kyan mota yake, kuma ba mai kwance su. Ku kuka koya wa kasuwa cewa fuska ita ce mota, kasuwa kuwa ta ɗauki karatun ta buɗe shago.

Sai maganar kwaikwayo, kuma a nan dole a yi adalci. Tuna baya shi ne roƙo. Motar fasinja ta farko da kakanka Kiichiro ya fitar, samfurin AA ta 1936, jikinta daga Airflow ta kamfanin Chrysler aka kwaso shi, injinta kuma daga Chevrolet. Land Cruiser ta fara ne a 1951 da sunan Toyota Jeep BJ, sai da masu sunan Jeep suka yi magana aka sauya a 1954. Lexus LS 400 ta 1989, kowa ya kalle ta ya ga inuwar babbar Marsandi ta lokacin. Ban riƙe ku da ko ɗaya ba. Mai koyo da kwaikwayo yake farawa, kuma LS 400 ta biya bashin da ta ci: ta fi wadda ta kwaikwaya shiru, ta fi ta sauƙin kuɗi, ma'aunin jan iskarta 0.29, abin da ya sa Jamusawa suka koma teburin zane. Wancan kwaikwayon ɗalibi ne mai niyyar wuce malaminsa.

Yau fa? Tun 2020 ba kamfanin da ya sha gabanku a yawan ciniki, a 2023 rukuninku ya sayar da mota sama da miliyan 11. Wanda ke gaba ba shi da uzurin leƙen takardar na baya. Amma doguwar raga da ta haɗe sama da ƙasa, Audi ce ta fito da ita wajen 2004 a zamanin Walter de Silva, ku kuka tsuke mata ƙugu kuka ce taku ce. Murfin but da ya ɗago sama da fenda, wanda aka yi ta zagin Chris Bangle a kansa lokacin BMW 7 Series ta 2001, sai ga ɗan'uwansa a Camry ta 2007 da muke kira Muscle. An zagi mai abu, an kuma kwashi abin. Wadda ta fi ba ni takaici ita ce Century. Tun 1967, shekarar cika ɗari da haihuwar Sakichi Toyoda, mahaifin Kiichiro, motar nan take zaune da kamalarta, kujerun ulu, labulen leshi, ba ta kama da kowa, shekara talatin kafin a sauya mata jiki a 1997. A 2023 kuka fito da Century mai tudu irin jif, kuma duk mai idon mota da ya gan ta a gefe sunan da ya fara zuwa bakinsa Rolls-Royce Cullinan ne. Mota ɗaya tilo da ba ta taɓa neman yardar kowa ba, ita ma an sa ta a layi.

A nahiyarmu abin ya wuce kwaikwayo, ya zama sauya tambari kawai. Starlet da kuka daina yi a 1999 tana da tarihi a nan. Har yau tsofaffinta na aikin tasi a Yamai, kuma akwai gidaje da yawa a arewacin Najeriya da ita ce motarsu ta farko. A 2020 kuka dawo da sunan a Afirka, muka leƙa, ashe Suzuki Baleno ce da ake haɗawa a Indiya, aka cire S aka liƙa tambarinku. Rumion ita ce Ertiga, Belta ita ce Ciaz, sabuwar Vitz ita ce Celerio. Ba na cewa motocin banza ne, Suzuki ta iya ƙaramar mota. Na kuma san lissafin: haɗin gwiwa na rage kuɗi, kasuwar sababbin motoci a Afirka ƙarama ce. Amma kuna da ɗakin zane na Calty a Kalifoniya tun 1973, kuna da wani a kudancin Faransa kusa da Nice, ga na gida Japan. Nahiyar da ta riƙe sunanku da amana fiye da kowa, har yaƙin Cadi da Libiya na 1987 ake kira da sunan motarku, abin da ta samu shi ne motar wani da hular Toyota. Zanen aro ba ya rufe katara. Kuma wanda ya yi haka bakinsa ya yi nauyi wajen ƙorafi in BYD F3 ta 2005 ta fito da kamannin Corolla, ko in kamfanonin China suka cika tashoshinmu da bas-bas masu siffar Hiace, wasu da lasisi wasu babu.

Na san amsar da Simon Humphries da mutanensa na sashen zane za su bayar, kuma ba duka ce ta kare kai ba. Tun 2005 dokokin Turai na kare masu tafiya a ƙasa suka sa dole a bar tazara tsakanin bonet da inji, don kan mutum ya sami abin da zai lotsa in an buge shi. Bonet ya ɗaga, sai layin tagogi ya bi shi, sai ƙofa ta yi tsawo, sai taya ta zama 'yar ƙarama a ido, sai a ƙara girman wili, sai a tsattsaga layuka a jikin ƙofa don a ɓoye faɗin ƙarfen. Iska kuma ba ta san tambari ba, duk wanda ya shiga ramin gwajin iska da neman rage shan mai, kusan siffa ɗaya zai fito da ita. Ga tsarin TNGA da kuka fara a 2015, inda motoci da yawa ke zaune a kan ƙashi ɗaya. Ga masu saye a China da ake cewa suna son gaba mai kwarjini. Duk gaskiya ne. Sai dai dokar da ta hau kanku ita ta hau kan Mazda, kamfanin da kuke da hannun jari a ciki, kuma Mazda3 ta 2019 ta fito da jiki sumul, ba tsaga ba ƙari, haske ne kawai ke zagaya ƙofofinta, ta ci kyautar zanen mota ta duniya a 2020. Hyundai Ioniq 5 ta ci a 2022, ita kuma gidansu ta koma ta ɗauko Pony ta shekarun 1970, ba gidan maƙwabci ba. Doka ta ƙayyade tsawon goshi, amma ba dokar da ta ce a zana ramin ƙarya.

Mu nan muna da ma'aunin da muke gwada kyan mota da shi, ko da ba ma faɗa. Peugeot 504 ce, wadda gidan Pininfarina ya zana, ta fito a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, aka yi ta haɗa ta a Kaduna daga 1975 har kusan shekara talatin. Fitilu biyu masu kusurwa, but mai ɗan karyewa a baya, gilashi ko'ina, ƙasa a ɗage. Yaro na iya zana ta da layi biyar a gane ta. Ba a yi mata ado don ta yi kyau ba, aikin da aka yi ta dominsa ne ya ba ta siffa. A gidanku ma akwai irinta. Land Cruiser 70 tun 1984 take nan da jikinta na akwati, ba wanda ya taɓa cewa ta gundure shi. Ka gwada ba yaro fensir ka ce ya zana C-HR.

Wani zai ce kyau da muni ra'ayi ne, kowa da abin da idonsa ke so. Na yarda, har zuwa inda ra'ayin wani ya fara cin aljihun wani. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Ma'ana, abin da aka zana don burge mai saye a Dallas ko Shanghai, bayan shekara goma mu ne za mu zauna da shi, a kan titin da mai zanen bai taɓa gani ba. Leɓen bamba da aka saukar don mota ta yi kama da ta tsere, tudun rage gudu na farko a unguwa ne zai karɓe shi, shi ya sa za ka ga motoci masu tsada suna hawa tudu a karkace, wasu kuma an ɗaure musu bamba da waya. Camry mai silinda huɗu ta ƙarshen shekarun 1990, wadda ake ce wa Pencil Light, da wili inci 14 ta zo, kaurin gefen tayarta ya haura santimita 13. XSE ta 2018 wili inci 19 gare ta, gefen taya bai kai santimita 10 ba. Wannan bambancin shi ne tsakanin rami ya girgiza ka da rami ya fasa taya ya lanƙwasa wili da daddare a hanyar Birnin Gwari. Fitilar da a da ake sauya wa ƙwai da kuɗin cefane, yanzu dunƙule guda ce da ta miƙe har rabin fenda, in ta tsage sai a sayi gaba ɗaya. Tambarin gaba ma ya zama murfin na'urar rada, ɗan Adaidaita ya goge shi a cunkoso an shiga lissafi. Na'urar tana ceton rai, ban ce a cire ta ba. Amma wanda ya san inda mota ke fara cin karo bai kamata ya tara duk kayan tsada a wurin ba, kuma ya kewaye su da roba mai faɗin tabarma wadda ba a sauya ta sai ɗungurungum.

Akwai wanda ya fi kuɗi. Gilashi yana ta ƙanƙancewa saboda an ce ƙaramar taga ta fi nuna ƙarfi. Wanda ya zauna a bayan C-HR ta 2016 ya san abin da nake nufi: taga ta tsuke, ginshiƙin baya ya yi faɗi, mariƙin ƙofa an kai shi can sama kusa da rufi inda ƙaramin yaro ba ya kaiwa. Direba kuma in zai yi baya sai ya dogara da kyamara, wadda a mota mai shekara goma sha biyu ba lallai tana aiki ba. Goshi kuwa yana ta tsawo yana miƙewa tsaye. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta fitar da bincike a 2023 cewa motar da tsawon gabanta ya wuce inci 40, wato sama da mita ɗaya kaɗan, ta fi mai gajeren gaba mai gangara yiwuwar kashe wanda ta buge da kimanin kashi 45 cikin ɗari. A Amurka ke nan, inda ake da gefen titi na masu tafiya a ƙasa. Ka auna da titin da 'yan makaranta da masu talla da almajirai da masu babur ke rabon kwalta ɗaya da jif. Kwarjinin da ake sayar wa mai kuɗi, yaron da ke tsallaka titi ne ke biyan sauran.

Ba zan rufe ido a kan abin kirki ba, don shi ne ma ya ba ni ƙarfin rubutowa. LC 500 da ka gabatar a Detroit a 2016 kyakkyawa ce ƙwarai, ragar ma ta zauna mata, saboda jikin gaba ɗaya daga ita ya taso. Prius ta ƙarshen 2022 ta wanke laifin yayarta: layi ɗaya daga hanci zuwa wutsiya, ba ƙari, ta kuma ci kyautar zane ta duniya a 2024. Land Cruiser 250 ta 2023 an saukar mata da layin taga don direba ya ga ƙasa, aka yi gabanta gunduwa-gunduwa yadda za a sauya inda ya lalace kaɗai. Hilux Champ da kuka fitar a Tailan a 2023, a-kori-kura mai shafaffen jiki da ramukan ƙusa a bayanta don kowa ya ɗora abin da sana'arsa ke so, ta fi duk wata Lexus mai ƙyalli gaskiya. Ashe kun iya. Tsorona ɗaya: fuskar Prius ɗin nan mai siraran fitilu masu lanƙwasa, ga ta a Crown, ga ta a sabuwar C-HR, ga ta a Camry ta 2025. Abin da ya yi kyau a mota ɗaya saboda ya dace da jikinta, an fara raba shi gida-gida kamar yadda aka yi da ragar Lexus. Nan da 'yan shekaru masu afgired za su yo odarta.

Roƙona bai da yawa. Ka sa doka a sashen zane, irin wadda ka sa a 2011, cewa duk ramin da iska ba ta bi a cire shi, duk bakin salansar da hayaƙi ba ya fita a cire shi. A bar Hilux ta yi kama da Hilux, Corolla ta yi kama da Corolla, tambari ya isa ya nuna gidansu ɗaya. In za a sa wa mota suna mai tarihi irin Starlet a Afirka, a ba masu zanenku ita su yi mata jiki nata, ko kuwa a bar sunan ya huta. Sannan a riƙa tunawa da mai ita na uku tun a teburin zane, domin shi ne zai fi kowa daɗewa da ita.

Hanyar yin haka ma a littafinku take. Lokacin da aka ba Yuji Yokoya aikin Sienna ta 2004, sai da ya tuƙa mota mil 53,000 a Amurka da Kanada da Meziko don ya ga yadda mutane ke zama da ita, kuma Siennar da ta fito daga wannan tafiya ita ce har gobe take jigilar fasinja tsakanin Kano da Abuja. Gani ya kori ji. Ka turo mutum biyu daga cikin masu zanen Camry mai zuwa, a ba su wadda ta shekara goma sha biyu, su taso daga Legas su bi ta Kaduna da Kano su ƙetara Maraɗi, a damina, kuma kowace bamba da taya da fitila da ta lalace a hanya su saya da kuɗin aljihunsu a Ƙofar Ruwa. Masauki da abinci a Kano muna iya ɗauka.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani marubuci mai sha'awar motoci,
Kano, Najeriya.